Wat ɗaya kacal: gargaɗin da ke rubuce a gaban na'urar auna siginar rediyo

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tahoua zuwa Yamai, da wuya ka zagaya unguwa ba ka ji muryar wata tashar FM ba. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu saurare suka san na'urar da ke tabbatar da cewa kowace tasha ta tsaya a kan mitarta, ba ta shiga gonar maƙwabciyarta ba. Masu gyara na kiranta da sunanta na Faransanci, analizar, wato na'urar da ke zana sigina a kan allo, mita daga hagu zuwa dama, ƙarfi daga ƙasa zuwa sama.

Duk matashin da ke son koyon aiki da ita, darasinsa na farko yana wurin ɗan rubutun da ke kusa da mashigar sigina. A yawancin manyan na'urorin an rubuta +30 dBm, ma'ana wat ɗaya. Wasu ƙananan na aljihu, irin waɗanda ƴan uwa ke aikowa daga waje, ba sa jure fiye da miliwat 10. Ita kuwa tashar FM ta gari tana iya fitar da ɗaruruwan wat. Idan aka jona wayar na'urar watsa shiri kai tsaye a wannan mashiga, cikin ƙiftawar ido kayan ciki za su ƙone, kuma gyaransu ba aikin bakin kasuwa ba ne. Shi ya sa ake saka abin rage ƙarfi a tsakani, ko a ɗebi ɗan kaɗan na siginar ta wata mahaɗa ta gefe, ko kuma a tsaya nesa a kama ta da ƙaramar eriya.

Mashigar kanta galibi irin wadda ake kira N ce, mai zare kamar noti, da aka raɗa wa sunan injiniya Paul Neill na Amurka tun shekarun 1940. Kayan rediyo na aiki da om 50, na talabijin kuma da om 75. A ido kusan iri ɗaya ne, amma allurar mai om 50 ta fi kauri, idan aka tura ta cikin ramin mai om 75 sai ta buɗa shi ya lalace. Wajen ɗaurawa, zoben waje ake murzawa, ba jikin wayar ba. Akwai kuma BNC, wadda ake turawa a ɗan juya ta kama. A bayan na'urar sau da yawa ta nan ake shigar da siginar megahaz 10 da ke daidaita agogonta.

Yanayin ƙasar nan na ƙara wa aikin wahala. Ƙurar hunturu na shiga mahaɗar da aka bari ba murfi, ta gurɓata awo. Busasshiyar iska kuma na sa doguwar wayar da ta sauko daga kan hasumiya ta tara lantarki a jikinta, don haka ƙwararru ke fara haɗa tsakiyarta da bayanta na ɗan lokaci, ta sauke abin da ta tara, kafin su jona ta.

Maɓallai huɗu ne ginshiƙin aikin. FREQ na zaɓar mitar da za ta zauna a tsakiyar allo. SPAN na nuna faɗin da ake son gani: a buɗe shi daga megahaz 87.5 zuwa 108 a ga duka tashoshin FM na gari kamar jerin tsaunuka, ko a matse shi a duba tasha ɗaya da faɗinta bai kamata ya wuce kimanin kilohaz 200 ba. AMPT na tsayar da iyakar ƙarfi a saman allo tare da rage abin da ke shigowa. BW kuwa kamar idon rariya ne: ƙanƙanta shi na raba sigina biyu da ke manne da juna, amma awon zai ɗauki lokaci. Daga nan sai a ɗora alamar MARKER a kan ƙololuwa a karanta lamba.

Muhimmancin wannan ya wuce tsabtar murya. Inda zangon FM ya ƙare, a megahaz 108, nan ne mitocin jiragen sama suka fara har zuwa 137, ciki har da na na'urorin da ke jagorantar sauka. Idan tasha mai mita 104 da mai 98 suka cuɗu a cikin na'urar da ba ta da matata mai kyau, za su iya haifar da sigina a kan 110, tsakiyar wannan yanki. A Nijar hukumar ARCEP ce ke lura da amfani da mitoci, ASECNA kuma ke kula da zirga-zirgar jiragen sama, amma wanda zai fara ganin matsalar shi ne mai gyaran tashar.

Ita ma na'urar tana iya yin ƙarya idan aka cika mata ƙarfi, ta ƙirƙiro siginar da babu ita a iska. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ƙara rage ƙarfin shigowa da desibel 10. Siginar gaske za ta tsaya inda take a kan allo, ta bogi kuwa za ta faɗi ko ta ɓace.

Ga ƴan ci-rani da ke tunanin aiko wa ƙanne da irin wannan na'ura don su kama sana'a, bai kamata ta zo ita kaɗai ba. A haɗo ta da abin rage ƙarfi da ya dace da wat ɗin da za a auna, da mahaɗai masu om 50, da murafunsu.