Yadda Ake Nuna Rubutun Umarnin Kwamfuta a Shafin Intanet

Gabatarwa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da rubutun umarnin kwamfuta? Ni ma ban ga alaƙar ba sai da na shiga aji uku, lokacin da aka ba mu aikin ƙidaya wasu kalmomi a cikin labaran jaridun Hausa. Da na ga ƙidaya da hannu za ta cinye mini zangon karatu, sai wani abokina na sashen kimiyyar kwamfuta ya koya mini ɗan abin da ya sawwaƙa na harshen Python. Na rubuta umarni mai layi shida, ya yi aiki, na liƙa shi a shafin ajinmu domin 'yan'uwa ɗalibai su kwafa. Duk wanda ya kwafa sai ya dawo yana cewa abin ya ƙi. Umarnin nawa lafiyarsa lau, yadda shafin ya nuna shi ne ya ɓata shi. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da na koya daga wannan kuskure.

Me ya sa shafi ke ɓata umarni?

Ana gina shafukan intanet ne da harshen HTML, shi kuwa al'adarsa ita ce idan ya tarar da sarari huɗu ko goma a jere, sai ya dunƙule su su zama ɗaya, ya kuma haɗe layuka su zama sakin layi guda. Ga labari ko waƙa wannan da sauƙi. Amma a Python, sararin da ke farkon layi shi ke nuna wane umarni ne ke ƙarƙashin wane, kuma bisa al'ada sarari huɗu ake bari a kowane mataki. Ke nan da shafi ya haɗiye sararin, ma'ana ta tafi.

Maganin wannan shi ne a kewaye umarnin da alamomi biyu na HTML, wato pre da code. Ta farko tana gaya wa shafi ya bar kowane sarari da kowane layi yadda aka rubuta shi, ta biyu kuma tana shaida cewa abin da ke ciki umarnin kwamfuta ne. Da an yi haka, rubutun kan fito da haruffa masu faɗi iri ɗaya irin na tafireta, yadda i da m za su ci wuri daidai wa daida. Har ila yau, idan umarnin na ɗauke da alamar lissafi ta “bai kai ba” ko ta “ya fi”, sai a rubuta su da < da >, in ba haka ba shafi zai zaci da shi ake magana ya haɗiye su.

Lambar layi

Bayan na gyara, sai wata 'yar ajinmu ta sauya kalmar da ake nema ta koma “sana'a”. Ga abin da ta rubuta:

1  kalmomi = open('labari.txt', encoding='utf-8').read().split()
2  ƙidaya = 0
3  for kalma in kalmomi:
4      if kalma == 'sana'a':
5          ƙidaya = ƙidaya + 1
6  print(ƙidaya)

Kwamfuta ta ƙi karɓa, ta ce akwai kuskure a layi na 4. A nan amfanin lambar layi ya fito. Kwamfuta da lamba take nuna inda ta yi tuntuɓe, malami ma da lamba zai ce wa ɗalibi duba wuri kaza. A layi shida mutum zai ƙirga da yatsa, amma a layi 200 sai ido ya raina fata.

Sai dai akwai tarko. Ni da hannu na fara rubuta lambobin a gaban kowane layi, kamar yadda mai karatu ke gani a sama. A takarda wannan daidai ne, amma a shafin intanet duk wanda ya kwafi umarnin sai ya kwashe har da lambobin, kwamfuta kuma ta ƙi su. Hanyar da ta dace ita ce a bar shafi ya zana lambobin da kansa. Wasu kan sa lambobin a wani ginshiƙi na daban a gefen hagu, wasu kuma su yi amfani da CSS, wato harshen da ke kula da kwalliyar shafi, ya riƙa ƙirga layukan yana nuna lamba. Ta kowace hanya, ido yana ganin lambar amma ba ta bin mai kwafa.

Launi

Mu koma ga layi na 4. A Python ana buɗe kalma da alamar ɗauri a kuma rufe ta da irinta. To, alamar ɗauri guda ita ce dai wadda muke rubuta hamza da ita a sana'a da jama'a da ma'ana. Saboda haka kwamfuta ta ɗauka kalmar ta ƙare a “sana”, ta rasa yadda za ta yi da sauran. A baƙin rubutu ido ba ya kama wannan da wuri. Amma idan an sa launi, “sana” kaɗai za ta ɗauki launin kalma, harafin a na ƙarshe ya fita daban. Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Gyaran kuwa shi ne a kewaye kalmar da ɗauri mai baki biyu, wato "sana'a".

Yadda launin ke samuwa ba wani siddabaru ba ne. Wata manhaja ce ke bin rubutun tana yanka shi gunduwa-gunduwa, kamar yadda muke rarraba jimla zuwa suna da aikatau da bayanau a darasin nahawu. Wannan kalmar harshen ce irin su for da if, wannan adadi ne, wannan kuma sharhin marubuci ne. Kowane aji sai ta liƙa masa lakabi, CSS kuma ya ba kowane lakabi launinsa. Ban da wannan, ana iya shafa wa layi guda launi a bayansa domin jawo hankali, kamar yadda ɗalibi ke ja wa muhimmin layi biro a littafi.

Kayan aikin

Ba sai mutum ya ƙirƙiri komai ba, domin akwai manhajojin kyauta. Alex Gorbatchev ya fitar da SyntaxHighlighter a 2004, ta kuma yi tashe a wancan zamani. A 2006 Ivan Sagalaev ya fara highlight.js, wadda kan yi ƙoƙarin gane harshen da kanta, sai dai da gangan masu ita ba su sa mata lambar layi ba. Prism, wadda Lea Verou ta fitar a 2012, tana da ƙarin da ke sa lamba da wanda ke haska layi. Duk waɗannan a cikin na'urar mai karatu suke aiki bayan shafi ya buɗe. Ita kuwa Pygments ta Georg Brandl, wadda ta fito a 2006, tana gama sa launin tun kafin a aiko shafin, don haka ba ta ƙara wa wayar mai karatu nauyi. Da ita Wikipedia ke amfani, har da ta Hausa.

Abin lura ga mai rubutun Hausa

Tun daga Python 3, wadda ta fito a 2008, ana iya raɗa wa abu suna da haruffa masu ƙugiya, shi ya sa “ƙidaya” ta karɓu a misalinmu. To amma dole a ajiye shafin da tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma shirme. Sannan ba kowane salon haruffa ne ke da su ba, kuma idan babu, shafi kan aro daga wani salon, layi ya karkace. A gwada kafin a wallafa. Bugu da ƙari, kada a bi da umarni ta manhajar buga wasiƙa, domin takan lanƙwasa alamar ɗauri, kwamfuta kuwa miƙaƙƙiya kaɗai ta sani. Kada kuma a ɗauki hotonsa a liƙa, tunda ba a kwafar rubutu daga hoto cikin sauƙi, kuma manhajar da ke karanta wa makafi shafi ba za ta iya karanta shi ba.

Kammalawa

A taƙaice, wanda zai nuna umarni a shafi ya tabbatar sarari bai ɓace ba, lamba ba ta bin mai kwafa, launi kuma ya dace da harshen. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, bayan ka wallafa, ka kwafi umarnin daga shafin kamar baƙo, ka gwada shi a kwamfutarka. Da na yi haka tun farko, da 'yan ajinmu ba su yi asarar kwanaki suna neman kuskuren da ba nasu ba.