Yadda ake gano yoyon ruwa a tsohuwar Land Cruiser

Yankin Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, don haka a watan Agusta direbobin Junju, wato Dioundiou, da ke bin hanyoyin Dallol Mauri sukan tarar da ruwa kwance ƙarƙashin ƙafarsu. Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1984, tana da juriya, amma robobinta ba sa jure zafin bazara: sai su bushe su tsage.

Inda ruwa ya taru ba lallai nan ya shigo ba. Yakan bi ƙarfe ya gangaro daga nesa. Saboda haka a cire shimfiɗar ƙasa, a shanya motar, mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, wani ya riƙa zuba ruwa da buta daga waje. A fara daga ƙasan ƙofa, a hau sannu a hankali zuwa robar gilashin gaba da kwararon rufi. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa ko'ina, ba zai gane komai ba.

Sau da yawa ma ba huda ba ce. Ƙurar hunturu ce ta toshe ramukan da ke ƙasan ƙofa, waya kawai za a zura a buɗe su. Idan ruwan na da ɗumi da launi, na lagireto ne, sai bakanike.

Robar da ta tsage a canza ta. Tsatsa kuwa a kankare, mai walda ya yi faci, sannan a shafa fenti. Shafa gam a kan tsatsa asarar kuɗi ce.