Cutar Siliyak da Cin Abincin Waje a Magarya da Dungas

Siliyak cuta ce ta ƙaramin hanji wadda cin alkama ke tayarwa. A cikin ƙwayar alkama akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin. Duk wanda ya taɓa kwaɓa fulawa ya wanke ƙullin a ruwa ya gan shi, domin idan farin garin ya bi ruwa, wani curi mai talewa ne ke saura a tafin hannu. Shi ke riƙe iskar yis har burodi ya tashi, kuma rashinsa ne ya sa garin gero ba ya yin burodi komai ƙwarewar mai gashi. Ban da alkama, akwai shi a sha'ir da wata tsaba ta ƙasashen sanyi mai suna rai. A wurin yawancin mutane abinci ne kawai. A wurin mai siliyak kuwa, da zarar ya isa ciki sai garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba, ta far wa bangon hanjin mai ita.

Cikin ƙaramin hanji lulluɓe yake da ƙananan tsiro birjik, kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. Cutar tana cinye su a hankali har wurin ya koma sumul. Daga nan mutum zai ci ya ƙoshi amma jiki bai samu ba. Ga yaro, abin yakan fito da zawo mai maiƙo da wari wanda ba ya jin magani, kumburin ciki, ƙafafu sirara, yawan kuka da tsayawar girma. Ga babba yakan zo a ɓoye: ƙarancin jini da ke dawowa duk da shan magani, kasala, raunin ƙashi, ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwa da gwiwar hannu, wani lokaci yawan ɓari ga mata. Ana gadon yiwuwar kamuwa da ita, shi ya sa kusan ɗaya cikin goma na ƴaƴa, iyaye da ƴan'uwan ciki ɗaya na mai cutar su ma ake samunsu da ita.

Wani likita a Landan, Samuel Gee, ya bayyana alamunta dalla-dalla a 1888, amma yunwa ce ta taimaka wajen tabbatar da musabbabinta. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, burodi ya yanke a ƙasar Holan. Likitan yara Willem Dicke ya lura cewa yaran da ke fama da wannan zawo sun samu sauƙi a tsakiyar yunwar, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo. Ya rubuta sakamakon bincikensa a 1950. Har yau maganin bai wuce abin da ya gano ba, wato barin alkama da danginta kwata-kwata, tsawon rai.

Kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ne ke da ita a duniya, sai dai rabon ba daidai yake ba. An daɗe ana ɗaukarta ciwon Turawa, har sai da binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira na Tinduf a Aljeriya ya gano ta a jikin kashi 5.6 cikin ɗari, adadin da ya fi na ko'ina a Turai. Mutane ne da garin alkama na agaji ya zama musu abincin yau da kullum. A ɗaya ɓangaren, wani bincike na 2002 a Burkina Faso ya gwada mutum 600 bai samu ko ɗaya ba. Gado da yawan cin alkama ne ke haɗuwa su haifar da ita, kuma na biyun yana ƙaruwa a ƙasar Hausa a idon kowa.

Gundumomin Magarya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram, a bakin iyakar Najeriya. Dungas ɓangaren Magarya ce kafin a ba ta matsayin gunduma a 2011. Yanki ne na noman gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi, mai cunkoson jama'a, kuma yanki ne da ya san tamowa. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta fara aiki a yankin tun 2005, kuma kowace damina, idan rumbu ya yi ƙasa zazzaɓin cizon sauro ya taso, sashen yara na asibitin Magarya yakan cika. A nan matsalar gane siliyak take, domin kamanninta da tamowa ɗaya ne. Mafi yawan yaran da ke zawo da rama a Bande, Waca ko Guci, ƙarancin abinci ne, ko gurɓataccen ruwa, ko tsutsar ciki ke damunsu, ba alkama ba. Wanda ya cancanci a yi wa tambaya ta biyu shi ne yaron da ya murmure a kan abincin tamowa na Plumpy'Nut, wanda gyaɗa ce da madara da sukari da mai ba alkama a ciki, sannan ya koma gida ga biskit da taliya ciwon ya dawo sabo.

Ana tabbatar da cutar da gwajin jini, sannan galibi a zura na'ura mai kyamara ta baki a ciro ɗan ƙanƙanin ɓangaren hanji a duba. Aikin manyan asibitoci ne, don haka mutumin wannan yanki sai ya nufi Damagaram, Yamai ko Kano. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin alkama kafin gwaji. Idan aka yi haka hanji ya fara warkewa, sakamakon sai ya fito lafiya lau alhali cutar na nan.

Wanda aka tabbatar masa da ita a Magarya ya fi takwaransa na Faransa sa'a ta fuska guda: abincin da ya tashi da shi ba ruwansa da gulutin. Tuwon gero da na dawa, fura, kunu, koko, dambu, shinkafa da wake, ƙosai, alala, awara, rogo, dankali, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, nama, kifi, nono, duk halas ne gare shi in an yi su yadda aka gada. Abin da zai rabu da shi ma a fili yake: burodi, fanke, funkaso, gurasa, cincin, dubulan, taliya, makaroni, Indomie, biskit, tuwon Semovita da kuskus na leda, sai kuma alkaki, wanda rabuwa da shi ga Badamagare ba ƙaramin abu ba ne. Tuwon alkama da ake yawan ba masu ciwon suga shawarar ci, ga mai siliyak guba ne.

Wahalar tana wurin fulawar da ba a gani. Ɗanwake na asali garin wake ne da na rogo ko dawa, da kuka da kanwa, amma masu sayarwa da yawa yanzu da fulawa suke haɗawa don ya yi santsi ya kuma yi auki. Wasu kan zuba ta a ƙullin waina, wasu su ɗaure tuwon masara da ita, wasu su barbaɗa wa kifi kafin suya. Wasu nau'o'in ɗunkulen miya da lemun malt ma suna ɗauke da alkama ko sha'ir, don haka karanta bayan kwali ya zama dole. Kayan da suka shigo daga Najeriya kan rubuta “wheat”, na Faransanci kuma “blé”.

Sai batun cuɗanya, wanda shi ya fi wuyar fahimtarwa. Wani bincike na 2007 ya nuna cewa miligiram 50 na gulutin a rana, tsawon wata uku, ya isa ya lahanta hanjin mai cutar. Wannan bai wuce abin da ke cikin rabin giram na fulawa ba, ɗan abin da yatsa biyu za su tsunkulo. A dubi teburin mai shayi da safe: wuƙar da ya yanka burodi da ita ce zai yanka albasa, cokalin da ya juya Indomie ne zai kaɗa ƙwai, kaskon kuma guda ne, ana goge shi da tsumma tsakanin mai saye da mai saye. Mai ƙosai takan soya fanke a man da ta tsame ƙosai, da matsami ɗaya. Injin niƙa na unguwa, musamman gab da salla ko lokacin bukukuwa, yakan niƙa alkamar alkaki sannan a zuba geron wani a bayanta. Zafin wuta ba ya kashe gulutin, domin ba ƙwayar cuta ba ce. Tafasa da suya ba su rage masa komai.

A wasu ƙasashe doka ta shiga tsakani. Ma'aunin abinci na duniya ya ce ba a kiran abu marar gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Tun Disambar 2014 gidajen abinci a Tarayyar Turai wajibi ne su sanar da mai saye in akwai alkama a girkinsu, kuma dokar Italiya ta 2005 ta tilasta wa ɗakunan cin abinci na makarantu da asibitoci su tanadar wa mai siliyak nasa in ya nema. Ko a can ma, doka ta tilasta faɗin gaskiya ne fiye da tilasta girki na musamman.

Mai tuwo-tuwo a tashar Magarya ko rumfar kasuwar Dungas tana da murhu biyu ko uku, tukwane ƙidayayyu, da layin masu jira. Neman ta ware kasko da muciya saboda mutum ɗaya neman abin da ba ta da shi ne. Abin da ya dace a sa rai daga gare ta shi ne amsa ta gaskiya, kuma wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. Yadda aka yi tambayar yana da tasiri. Wanda ya ce “Akwai gulutin?” ba za a gane shi ba. Wanda ya ce “Hajiya, ba ki sa fulawa ba ko?” ya riga ya ba ta amsar da zai so ji, kuma mai sana'a ba ta son a tafi ba a saya ba. Wanda ya ce “Inna, don Allah da me da me kika haɗa ƙullin nan? Likita ne ya hana ni fulawa, ko kaɗan ce kwantar da ni take yi,” shi ya fi kusa da jin gaskiya. Jama'a sun saba da mai hawan jini da aka hana gishiri da mai suga da aka hana zaƙi, don haka hanin likita magana ce da ake girmamawa. Bambancin da sai an nanata shi ne, a nan “ɗan kaɗan” ma ba ya halatta.

A aikace, zaɓin da ya fi aminci shi ne abincin da ake ganin asalinsa da ido: fura da nono, dafaffen rogo, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, gasasshen nama da aka ce kada a barbaɗa masa yajin da ba a san haɗinsa ba, shinkafa da wake da mai da gishiri muddin ba a dafa taliya a tukunyar ba. Riƙe mai abinci guda wadda ta san lalurar ya fi yawo daga rumfa zuwa rumfa. Zuwa da wuri, kafin mai ya gauraya, yana taimakawa, haka ma guzuri a ranar kasuwa ko doguwar tafiya. A gida kuwa, rariya da muciya na daban, da daka a turmi ko zuba mudun farko a injin don wanke shi kafin a karɓi na mai lalurar, suna rage haɗari sosai.

Gidan suna da gidan biki sun fi tasha wuya, domin a nan kunya ce ke aiki: mayar da kwanon surukai ba a taɓa ba abu ne mai nauyi. Sanar da uwar gida tun kafin ranar ya fi ƙin ci a gaban jama'a. Yaro kuma sai an sanar da malaminsa da kakanninsa da maƙwabta, tunda biskit ɗin da ake miƙa masa don ƙauna ne ya fi saurin isa bakinsa. Idan an kiyaye, zawo da kumburi kan lafa cikin makonni, yaro ya ci gaba da girma. Hanjin babba kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin ya warke sarai, kuma likita kan maimaita gwajin jini lokaci-lokaci don ya ga ko alkama na ci gaba da shiga ta wata kafar da ba a lura da ita ba.