Duwatsu Da Ƙanƙara A Jarrabawar Labarin Ƙasa

Yaron da ya tashi a Agege ko Sabo ta Ibadan bai taɓa ganin ƙanƙara ta lulluɓe dutse ba, amma ranar jarrabawar WAEC ana iya tambayarsa aikinta. Haddar sunaye kawai ba ta fid da shi, sai ya gane yadda abin yake faruwa.

Duwatsu masu naɗi dai, misalinsu tabarma ce. In aka tura ta daga gefe biyu, sai ta tattare ta yi tozo. Haka ɓawon ƙasa ya yi da yankin Indiya ya yi karo da Asiya, kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, har duwatsun Himalaya suka taso. Shi ya sa ake samun burbushin halittun teku a ƙolin Everest, mai tsawon mita 8,849. Duwatsun Atlas na Maroko da Andes na Amurka ta Kudu duk danginsu ne. Dutsen Olumo na Abeokuta kuwa ba ya cikinsu, zaizayar ƙasa ce ta tono shi.

Ita kuwa ƙanƙara, in ta taru ta yi nauyi, sai ta riƙa gangarowa sannu a hankali tana kankare dutse. Kwarin da ta haƙa yana da siffar harafin U, na kogi kuwa harafin V. Inda ta narke takan bar tulin tsakuwa da laka.

To, iyaye, littafin taswira ba almubazzaranci ba ne. A saya wa yaro, a sa shi ya riƙa zana waɗannan siffofi da hannunsa, domin zane mai kyau maki ne.