Shin Ko Kun San? Abin da Bincike Ya Gano a Kafaɗar Ɗan Wasa

Shin ko kun san duk jikin ɗan Adam babu gaɓar da ta kai kafaɗa sakewa, kuma a cikin manyan gaɓoɓi babu wadda ta kai ta saurin gocewa? Kusan rabin gocewar manyan gaɓoɓi da likitoci ke gani ta kafaɗa ce. Dalilin yana cikin halittarta. A ƙugu, kan ƙashin cinya ya nutse ne cikin rami mai zurfi. A kafaɗa kuwa, kan ƙashin dantse zaune kawai yake bisa wani ɗan gurbi marar zurfi a gefen allon kafaɗa, kamar tulu a kan gammo. Abin da gurbin ke riƙewa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Sauran riƙon duk na nama ne: wani zoben guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin, da jijiyoyi, da wasu tsokoki huɗu da suka yi wa kan ƙashin ɗamara. A kan wannan ɗamara likitocin wasanni suka fi kashe lokacinsu.

Kun san kuwa ilahirin hannu, tun daga yatsu har allon kafaɗa, wuri ɗaya tak ya haɗu da sauran ƙasusuwan jiki? Ku ɗora yatsa a ƙasan maƙogwaro, inda ƙashin wuya ya taɓa ƙashin ƙirji, sannan ku ɗaga kafaɗa. Abin da kuka ji yana motsi, shi ke nan mahaɗar. Allon kafaɗa kansa ba a manne yake da haƙarƙari ba. Tsokoki 17 ne ke riƙe da shi, yana zamewa a bayan ƙirji yadda aka buƙata.

Kuma ba zaman banza yake yi ba. A 1944, Verne Inman da abokan aikinsa a San Francisco ta Amurka suka auna yadda hannu ke tashi daga gefen cinya har ya miƙe sama, wato digiri 180. Suka ga kimanin 120 ne daga gaɓar kanta, sauran 60 daga juyawar allon. Idan allon ya yi nawa, gaɓar ce ke biyan bashin.

Shin ko kun san jifa shi ne motsi mafi sauri da aka taɓa aunawa a jikin mutum? A birnin Birmingham na jihar Alabama akwai cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa da likita James Andrews ya kafa a 1987. A can Glenn Fleisig ya shafe shekaru yana ɗaukar masu jifa a wasan besbol da kyamarori masu saurin gaske. Ya gano cewa a daidai lokacin da za a saki ƙwallo, ƙashin dantse yana juyawa da gudun da ya kai digiri 7,000 a daƙiƙa guda. Da zai ɗore a haka, da ya yi zagaye 19 kafin daƙiƙar ta cika. Duk abin ba ya kai ƙiftawar ido.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan bincike shi ne, mafi girman wahalar ba wajen jifan take ba, wajen taka birki take. Da zarar ƙwallo ta bar yatsu, hannu yana neman ya bi ta. Tsokokin bayan kafaɗa ne ke riƙe shi, da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 100. Mai jifa yana maimaita wannan sau da dama a wasa ɗaya, mako bayan mako, shekara bayan shekara.

Kun san birin cimfanzi, duk ƙarfinsa, yaro ɗan shekara 12 ya fi shi jifa? Ƙaton namijinsa ba ya wuce gudun kilomita 30 da 'yan kai a awa, alhali yaron da ya samu horo yana ninka haka sau uku. Neil Roach da abokansa na Jami'ar Harvard sun bayyana dalili a mujallar Nature a 2013. Lokacin da mutum ya ja hannu baya zai yi jifa, jijiyoyin kafaɗarsa suna miƙewa su tara ƙarfi, sannan su sake shi gaba ɗaya. Kusan rabin ƙarfin juyawar kafaɗa daga wannan ajiya yake fitowa.

To amma ƙarfin daga ina ya faro? Daga ƙasa. Ben Kibler, likita a Lexington ta jihar Kentucky, ya lissafa bugun farko na wasan tanis, ya ga kashi 51 cikin 100 na ƙarfin daga ƙafafu da gangar jiki yake tasowa, kason kafaɗa kuwa kashi 13 ne kacal. Ya kuma nuna cewa idan ƙarfin ƙugu da gangar jiki ya ragu da kashi 20, sai kafaɗa ta ƙara gudun juyawarta da kashi 34 kafin a samu bugu irin na da. Duk wanda ya saba zuwa gidan dambe ya ga wannan da idonsa. Ɗan damben kirki yana kafa ƙafa, ya murɗa ƙugu, sannan hannun da aka ɗaure ya biyo baya. Idan ƙafa ta gaji a turmi na uku, sai ka ga naushin ya koma na kafaɗa zalla. In kuma ya kai duka ya sami iska, babu abin da zai tare hannun sai wannan ɗamarar. Saboda haka idan ɗan wasa ya zo da kukan kafaɗa, mai gashin ƙashin da ya san aikinsa zai duba ƙugunsa da bayansa tukuna.

Mu leƙa filin ƙwallon ƙafa. Masu kallo ba su manta daren 26 ga Mayun 2018 a Kyiv ba, wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, inda Mohamed Salah na Liverpool ya sarƙe da Sergio Ramos na Real Madrid ya faɗi a kan kafaɗarsa ta hagu. Ya tashi, ya gwada ci gaba, ya sake zubewa, aka fitar da shi yana hawaye wajen minti na 30. Real Madrid ta ci Liverpool 3 da 1, shi kuma bai buga wa Masar wasanta na farko da Uruguay a gasar cin kofin duniya ba. Faɗuwa a kan tsinin kafaɗa irin wannan ta fi taɓa ƙaramar mahaɗar da ke sama, inda ƙashin wuya ya haɗu da allo. Wannan daban take da gocewar babbar gaɓa, wadda ta fi faruwa idan hannu yana sama, a buɗe, aka banƙare shi baya, kamar mai tsaron raga da ya miƙa hannu zai ture ƙwallo, ko ɗan kokawa da ya dafa ƙasa abokin karawa ya danne shi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan gocewa ta gaba kan ƙashin ke fita.

Shin ko kun san kafaɗar matashi idan ta goce sau ɗaya, ta ga hanya ke nan? A Edinburgh ta Sikotland, an bi diddigin mutum 252 'yan shekara 15 zuwa 35 waɗanda kafaɗarsu ta goce karo na farko, aka mayar, aka rataye hannun ba tare da tiyata ba. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa cikin shekara biyu kusan kashi 56 cikin 100 matsalar ta dawo musu, cikin shekara biyar kuma kusan kashi 67. Samari masu ƙarancin shekaru su suka fi shan wahala. Dalilin tun 1923 wani likitan Landan, Blundell Bankart, ya yi bayaninsa: idan kan ƙashin zai fita, yakan yage zoben guringuntsin nan daga bakin gurbin. Ƙashi ya koma mazauninsa, zafi ya lafa, amma yagewar tana nan. Jude Bellingham na Real Madrid ya samu gocewar kafaɗa a Nuwamban 2023, ya yi ta wasa da ɗauri a ƙarƙashin riga sama da shekara ɗaya da rabi, daga ƙarshe dai sai da aka yi masa tiyata a Yulin 2025.

Ga waɗanda suka haura shekara 40 lissafin ya sha bamban. Ba su cika sake gocewa ba, sai dai sau da yawa ɗamarar ce ke yagewa tare da gocewar. Dattijon da aka mayar wa kafaɗa, makonni suka wuce bai iya ɗaga hannu ba, kada a ce masa sanyi ne.

Mayar da kafaɗa tsohuwar sana'a ce. A wani kabari na zamanin Fir'auna a Masar, na wani mutum mai suna Ipuy, akwai zanen da ya haura shekara 3,000 wanda masana da dama ke ganin mayar da kafaɗa ake yi a ciki. Likitan Girka, Hippocrates, kimanin shekara 2,400 da suka wuce, ya rubuta dabarar sa diddige a hammata a ja hannu. Har yau ita ce za ka ga ana yi a bakin fili: yaro na kwance yana ihu, wani ya cire takalmi ya taka hammatarsa, wasu biyu sun danne shi. Likitocin zamani sun ja baya daga wannan dabara, kuma suna da hujja. Ta hammata manyan jijiyoyin jini da na motsin hannu suka ratsa. Sau da yawa kuma gocewa takan zo tare da tsagewar ƙashi, wadda ido ba ya gani. A ja da ƙarfi, garin neman gira a rasa ido. Ina girmama masu ɗori, akwai masu basira ƙwarai a cikinsu, amma yatsa ba ya ganin yagaggen guringuntsi, ba ya kuma ganin tsaga siririya a wuyan ƙashi.

Sai dai kuma, kun san hoto ma yana iya ruɗar mutum? A 1995, masu bincike a Amurka suka sa mutum 96 da ba su da ciwon kafaɗa ko kaɗan a na'urar MRI. Kashi 34 cikin 100 aka ga yagewa a ɗamararsu. A cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da rabi. Suna harkokinsu lafiya lau, ba su ma sani ba. Ke nan ba duk abin da hoto ya nuna ne ke jawo zafin ba.

Wannan ya kai ga wani gwaji mai ƙarfin hali a Birtaniya. An daɗe ana yin wata tiyata ta kankare ƙasan ƙashin saman kafaɗa, da zaton shi ke gogar jijiya. Masu bincike na Oxford suka raba marasa lafiya 313 a asibitoci 32 gida uku: wasu aka yi musu kankarar, wasu aka zura kyamara aka leƙa kawai ba a kankare komai ba, wasu kuma ba a taɓa su ba. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2018. Waɗanda aka kankare ba su fi waɗanda aka leƙa kawai samun sauƙi ba. Wani gwajin a Finland ya zo da irin wannan amsa a shekarar. A ganina wannan yana cikin binciken da ya fi amfanar talaka, domin ya nuna cewa a irin wannan ciwo motsa jiki na gashin ƙashi ya kamata a fara da shi kafin a yi zancen wuƙa. Tiyatar gyaran kafaɗa mai yawan gocewa kuwa wani batu ne daban, ita tana da amfaninta.

Masu ninƙaya fa? A wani bincike a Ostareliya a 2010, cikin ƙwararru 80, kashi 91 cikin 100 suka ce suna fama da ciwon kafaɗa, kuma matsalar jijiyar kafaɗa ta fi yawa ga masu wuce awa 15 a ruwa kowane mako.

Yawan aiki ba hutu, da kuma ƙara shi farat ɗaya, su ne bakin zaren. A Denmark an bi matasa 679 masu ƙwallon hannu, aka ga duk makon da aka ƙara musu atisaye da fiye da kashi 60 cikin 100, raunin kafaɗa yana kusan ninkawa. A Alabama kuma, binciken 2006 ya nuna yaran da suka saba ci gaba da jifa bayan hannunsu ya gaji sun fi sauran haɗarin kaiwa ga tiyatar kafaɗa ko gwiwar hannu har sau 36.

Labari mai daɗi daga Norway ya zo. Cibiyar binciken raunin wasanni ta Oslo ta ɗauki ƙungiyoyin ƙwallon hannu 45, 'yan wasa 660. Rabinsu aka ba su ɗan atisayen ɗumama jiki na kimanin minti 10, sau uku a mako, mai ƙarfafa bayan kafaɗa da allo da gangar jiki, mafi yawa da igiyar roba da taimakon abokin wasa. A ƙarshen kaka haɗarin ciwon kafaɗa ya ragu musu da kashi 28 cikin 100. Babu na'ura mai tsada a ciki, kowace makarantar sakandare mai filin ƙwallon hannu ko ƙwallon raga za ta iya.

Akwai kuma ciwon kafaɗar da ba na kafaɗa ba. Ɗan wasan da aka buga a ciki ko a haƙarƙarin hagu, daga baya ya fara kukan tsinin kafaɗarsa ta hagu, yana jiri yana gumi, mai yiwuwa saifarsa ce ta fashe jini na zuba a ciki. Wannan ba na man zafi ba ne, a garzaya da shi asibiti nan take.

Don haka ina kira ga masu horarwa, da malaman wasanni, da iyayen gidan 'yan dambe da 'yan kokawa: idan kafaɗar yaro ta goce, kada a ja. A rataye hannun da rawani ko ɗankwali yadda ya fi masa sauƙi, a taɓa gefen kafaɗar da yatsunsa a tambaye shi ko yana ji, a kai shi a ɗauki hoton ƙashi kafin a mayar da bayan an mayar. Kuma kada ya koma fili sai ƙarfin hannun da ya ji ciwo ya kamo na ɗan'uwansa.