Tutar da Andrew Smith Bai Bari Ta Faɗi Ba

A shekarar 1843 aka haifi Andrew Jackson Smith a jihar Kentaki ta Amurka, a cikin bauta. Uwarsa baiwa ce, ubangijin gidan kuma shi ne mahaifinsa. Da yaƙin basasa ya ɓarke, uban ya shiga rundunar Kudu masu kare bauta, ya ƙudura tafiya da yaron don ya yi masa hidima a fagen fama. Andrew na jin haka ya gudu, ya taka ƙasa cikin ruwan sama har garin Smithland, inda ya miƙa kansa ga sojojin Arewa.

Da farko yaron wani manjo ne mai suna John Warner. A yaƙin Shiloh na 1862 harsashi ya same shi a kai, Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Masacusets, ta baƙaƙen fata, wadda a cikinta akwai wani ɗan Kukawa ta Borno, Nicholas Said, shi ma tsohon bawa.

Ranar 30 ga Nuwamba 1864, a Honey Hill ta Karolina ta Kudu, rundunar ta kutsa ta wata siririyar hanya cikin fadama, igwa na jiran su. Aka kashe mai riƙe da tuta. Kafin ta taɓa ƙasa Smith ya cafe ta, ya ci gaba da ita cikin wuta, mutane na zubewa dama da hagu, har ya fito da ita. A lokacin tuta ita ce ke nuna wa soja inda 'yan'uwansa suke, shi ya sa mai ɗauke da ita ake fara nema da harbi.

Kwamandansu ya ji mummunan rauni a wannan rana, saboda haka bajintar ba ta shiga rahoto ba. A 1916 likitan rundunar, Burt Wilder, ya nema masa lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, aka ce babu hujja a takarda. Wannan amsa ba ta da daɗin ji, ganin cewa likitan rundunarsu da kansa ne ke roƙo. Smith ya koma Kentaki, ya rasu a 1932 ba tare da lambar ba.

Jikansa ne ya ƙi yarda maganar ta mutu. Shekara da shekaru yana bin ma'ajiyar takardu yana tara shaida, har ranar 16 ga Janairu 2001 Shugaba Bill Clinton ya miƙa lambar ga iyalan, 'yar Smith mai shekara 93 tana wurin.

Kabarinsa yana maƙabartar Mount Pleasant kusa da Grand Rivers, a yankin da aka bautar da shi. Jihar Kentaki ta kafa allon tarihi mai ɗauke da sunansa a can, don mutanen yankin da matafiya su tsaya su karanta.