Tuwo Da Miyar Kuka A Birnin Landan

Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar wajen neman abinci. Ɗalibi ko ma'aikaci ya kan sauka Landan ya jure wa sanyi, ya jure wa gajartar rana a lokacin hunturu, har ya saba da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Amma da zarar ya yi mako biyu yana fama da burodi da dankalin Turawa da dafaffen kabeji, sai ka ji ya fara zancen tuwon dawa da miyar kuka, an zuba man shanu yana narkewa. Ciki dai a cike yake, amma a wurin Bahaushe wanda bai ci tuwo ba ya kwana da yunwa.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. Tun a 1925 wani ɗalibin aikin lauya ɗan Nijeriya, Ladipo Solanke, ya jagoranci kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a Landan, a 1933 kuma ƙungiyar ta buɗe masauki a unguwar Camden, inda ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo ɗalibai shi ne girkin gida. Sa'ad da marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je karo ilimi a Jami'ar Landan a 1945, abincin Turawan ma auna wa kowa ake yi da kati saboda yaƙin duniya na biyu, ba a kuwa daina wannan awo gaba ɗaya ba sai a 1954. To, ina wanda zai tambayi kuka ko daddawa a irin wannan hali?

Yau al'amari ya sake. Ƙidayar da aka yi a 2021 ta nuna akwai kimanin mutum 270,000 haifaffun Nijeriya a Ingila da Wales. Wanda ya bi titin Rye Lane a unguwar Peckham, ko ya shiga kasuwar Brixton ko ta Ridley Road, zai ga doya da manja da garin rogo da agushi da busasshen kifi jibge, sai ka ce a wata kasuwar Ikko yake. Sai dai a cikin masu waɗannan kantuna akwai 'yan'uwanmu na Kudu da mutanen Gana, kayan da suka fi kawowa kuwa su ne waɗanda masu sayensu suka fi nema. Saboda haka ɗan Arewa ya kan zaga ya gaji, ya koma ɗaki yana cewa babu abincinmu a ƙasar nan.

Suna ne ya sauya

Gaskiyar magana ita ce abincin yana nan, suna ne ya sauya. Rashin sani ne ke sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Gero da dawa ba mu kaɗai Allah ya ba ba, mutanen Indiya ma cimarsu ce tun kaka da kakanni. Wanda ya je unguwar Southall, inda Indiyawa suka yi yawa, ya tambayi garin bajra, garin gero za a miƙo masa. In ya ce jowar, garin dawa ke nan. Kuɓewa a wurinsu bindi ce, tsamiya imli, man shanu kuwa, wanda aka soya aka tace, shi ne gi. Har yakuwa ana dacewa da ita a kantunan mutanen kudancin Indiya da sunan gongura. Ashe mai sha'awar fura ba shi da wata wahala: ya kwaɓa garin bajra da citta da kanumfari, ya cura, ya dafa, ya kirɓa, sa'an nan ya dama da yogot marar sukari a madadin kindirmo.

Haka abin yake a kantunan Larabawa na titin Edgware Road. Ganyen da suke kira mulukiyya, wanda ake sayarwa busasshe ko daskararre, shi ne lalo, wanda Yarbawa ke kira ewedu. Zoɓo kuwa sunayensa sun fi na kowa yawa: Misirawa da Sudaniyawa su ce karkade, mutanen Sanigal su ce bisab, mutanen Jamaika su ce sorel, har su kan yi abin sha da shi lokacin Kirsimeti. Daddawar kalwa tana kantunan Yarbawa da sunan iru, kanwa kuma kaun. Aya ma, wadda muke ɗauka abin taunar yara ce, nomanta ake yi sosai a yankin Balensiya na ƙasar Sifen, inda ake kiranta cufa, ana yin wani abin sha da ita wanda ba shi da maraba da kunun aya.

Tuwo shi ne mafi sauƙi. Garin semolina da niƙaƙƙiyar shinkafa suna nan a manyan kantuna, gajeriyar shinkafar nan da Turawa ke dafawa da madara kuwa tana yin tuwo mai danƙo. Naman halal ba abin damuwa ba ne, domin mahautan Pakistan da Turkiyya da Somaliya sun bazu cikin birnin. Ga kabewa, ga alayyafo, ga niƙaƙƙiyar gyaɗa a kwalba, miyar taushe ta haɗu ke nan.

Amma akwai wurin da ya kamata a yi hattara. Tun da Tarayyar Turai ta yarda a sayar da garin 'ya'yan kuka a 2008, kantunan masu kula da lafiyar jiki suka shiga tallarsa da sunan baobab, da tsada kuwa. Wannan farin garin nan ne mai tsami na cikin ƙwallon kuka, wanda ake kaɗawa a nono, ba ganyen da ake kaɗa miya da shi ba. Wanda ya saya da niyyar miya ya yi asarar kuɗinsa. Garin ganyen sai a wasu kantunan 'yan Afirka ta Yamma, ko kuma a cikin jakar wani mai dawowa daga gida.

Tsarabar da ke jawo tara

Wannan jaka ita ce tsohuwar hanyar da aka sani. Duk wanda aka ji zai tashi daga Kano ko Abuja, sai ƙunshe-ƙunshe su yi ta zuwa: wannan kuka, wannan busasshiyar kuɓewa, wannan yaji, wannan ƙuli-ƙuli, a kai wa wane. Kowace uwa tana so ɗanta ya ɗanɗana hannunta ko daga nesa. Sai dai a sani, dokar Ingila ta hana matafiyi daga ƙasa irin tamu shigo da nama ko kayan madara, ko da busasshe ne. Wato kilishi da dambun nama da cuku da man shanu duk ba su da hanya. In aka gani a kwastan za a ƙwace a lalata, wanda ya ɓoye kuma yana iya fuskantar tara ko shari'a.

Ba ƙiyayya ce ta kawo dokar ba, tsoron cuta ne. A 2001 cutar nan mai kama baki da kofaton dabbobi ta ɓarke a Ingila, sai da aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6 kafin a shawo kanta. Wanda ya ga irin wannan asara ba zai yi wasa da ƙunshin nama ba, komai ƙanƙantarsa. Saboda haka mai shirin tafiya ya binciki dokar ƙasar da zai je kafin ya ɗaure kaya, abin da yake shakka kuma ya nuna wa ma'aikata da kansa.

Abin lura ga na gida

A cikin wannan labari akwai darasi ga mu da ke gida. Zogalen da ke shingen kowane gida shi ne ake ɗurawa a kwalabe da sunan moringa. Accar da manoman Filato da kudancin Kaduna ke nomawa ita ce fonio, wadda Tarayyar Turai ta buɗe wa ƙofa a 2018. Kasuwa tana nan, amma ba ta karɓar sakaci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Nijeriya, domin an sami maganin ƙwari a jikinsa fiye da ƙima. Wannan hasara ce ga manomi da ɗan kasuwa, har da mai marmarin ƙosai da alala a can.

Idan 'yan kasuwarmu suka tsabtace kuka da kuɓewa da daddawa da yaji, suka shanya su inda ƙura ba ta kai, suka ƙulla su da kyau da sunansu na Hausa a jiki, to, ɗan da aka haifa a Landan zai tashi ya san miyar kuka da sunanta da ɗanɗanonta, manomin Katsina da na Gombe kuma su ga amfanin guminsu. Kafin wannan lokaci, shawararmu ga duk mai shirin tafiya ita ce ya riƙe sunayen nan da muka zayyana, ya kuma saki baki ya yi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi gida lafiya.